Babi na Shida: Yaran Dareta Sun Girma

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon shekarar 2010, a wasu ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, agwagin da ke kiwo a tsakar gida da bakin kududdufi suka riƙa ƙarewa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Daga nan abin ya koma kan yara. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, ya daina cin abinci, sai jijjiga, sai suma, kafin a ankara an kai shi makwancinsa. Aka ce sanƙarau ne, tunda lokacin zafi ne. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da suka shigo yankin a watan Maris sun ba da magungunan waɗannan cututtuka, amma yara ba su daina mutuwa ba. Sai da aka aika da jinin wasunsu Turai aka auna, sannan gaskiya ta fito: gubar dalma ce.

Zinare ne ya kawo ta. Farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin duniya, manoman da ke zaman jiran damina suka ga ga arziki a ƙarƙashin ƙafarsu. Maza su haƙo dutse a daji su kawo gida a buhu, a farfasa shi, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya garin a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. Dutsen kuwa cike yake da dalma. A watan Mayun 2010 masana daga hukumar CDC ta Amurka suka bi gida gida a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Waɗanda aka auna jininsu kuma, kashi 97 cikin 100 dalmar da ke jikinsu ta kai maikirogiram 45 a kowace desilita ta jini ko ta wuce, matakin da likita ba ya jira, nan take yake fara magani. Yau ko 5 aka gani a jinin yaro, Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa a nemo inda gubar ke fitowa a raba shi da ita. An ƙiyasta cewa yara fiye da 400 ne suka rasu a wannan annoba.

An kankare ƙasar gidaje a Dareta da 'Yargalma, sannan Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru, aka zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka kai gare ta, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun yi ta kururuwa har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin da ta yi alkawari. Dubban yara sun sha maganin da ke tsamo dalma daga jini, sun rayu.

Waɗannan yaran da suka rayu su ne dalilin wannan babi. Wanda yake goye a 2010 yau ya wuce shekara 15, wanda yake ɗan shekara huɗu ko biyar ya zama saurayi, ko ta zama matar aure da goyonta. Sun shigo shekarun da wata larura ke bayyana sarai, larurar da mu Hausawa muka daɗe da sanin masu ita amma ba mu taɓa lissafa ta cikin cututtuka ba. Likitocin ƙwaƙwalwa na taƙaita sunanta da haruffan ASPD. A nan zan kira ta larurar kangarewar hali.

Mai karatu ya san mutumin, ko da bai san sunan larurarsa ba. A ce dillali ne a kasuwar Gummi. Bakinsa zaƙi, ga fara'a, ga iya gaisuwa, wanda ya zauna da shi na awa guda zai ce bai taɓa ganin mutumin kirki irinsa ba. Ya karɓi kuɗin wannan ya ce zai sayo masa sa, ya karɓi na wancan a kan san nan dai, ya rantse da Alƙur'ani ga kowannensu ko idonsa bai ƙifta ba. Gonar gado ya sayar da ita ba da sanin 'yan'uwansa ba. Ya yi aure ya saki, ya yi ya saki, 'ya'yansa na warwatse a gidajen kakanninsu, ko sabulu bai taɓa aika musu ba. Abu kaɗan ya zare wuƙa. Zai ɗora ƙaramin yaro a gaban babur ya yi ta sheƙa gudu a cikin taro, ba ruwansa da ran yaron, ba ruwansa da nasa. Sana'a ba ta daɗewa a hannunsa, bashi ba ya biya, gobe ba ta cikin lissafinsa. Ofishin 'yan sanda ya zame masa kamar zauren gidansu. Duk wannan da sauƙi a kan abu na ƙarshe: ranar da asirinsa ya tonu, dattawa suka zaunar da shi, ba za ka ga alamar nadama a fuskarsa ba. Abin da zai ce shi ne, "To wa ya ce ya yarda da ni? Shi ya jawo wa kansa." In ma ya yi kuka, kukan an kama shi ne, ba na abin da ya yi wa mutane ba.

Abubuwan da na zayyana a jikin wannan mutum su ne alamomi bakwai da ke cikin DSM-5, littafin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013: karya doka a kai a kai, yaudara, aikata abu ba tunani, saurin fushi da faɗa, ganganci da rai, rashin ɗaukar nauyi, da rashin nadama. Ba sai sun taru duka ba, uku sun isa, amma da sharuɗɗa masu tsauri. Dole mutum ya cika shekara 18. Dole halin ya zama shi ne zaren rayuwarsa a gida da kasuwa da ko'ina, ba abin da ya faru sau ɗaya cikin fushi ko yunwa ba. Dole kuma a samu shaidar cewa tun kafin ya kai shekara 15 ya fara. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci a wurina, domin yana gaya mana cewa ba a wayi gari da wannan larura. Dattijon da ya yi shekara hamsin yana mutumin kirki sannan halinsa ya juya farat ɗaya, wani ciwon ne daban ke damunsa, wataƙila a ƙwaƙwalwa, a hanzarta kai shi asibiti.

Abin da ya sa ba ma ganin ta a matsayin cuta shi ne mai ita ba ya kama da wanda muke kira mahaukaci. Ba ya jin muryoyi, ba ya tuɓe riga a kasuwa, ba ya surutai shi kaɗai. Lissafinsa daidai, maganarsa a tsare. Tun a 1801 likitan Faransa Philippe Pinel ya lura da marasa lafiyar da hankalinsu ke nan garau amma aikinsu na ɓarna ne, a 1941 kuma Hervey Cleckley na Amurka ya rubuta littafi sukutum a kan yadda irin waɗannan mutane ke ɓuya a bayan kamannin lafiya. Mai larurar ya san daidai, ya san ba daidai ba, abin da ya rasa shi ne jin zafin abin a zuciyarsa. Saboda haka kotu ba ta ɗauke masa hukunci, kuma bai kamata ta ɗauke ba. Shi ya sa ba a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ake tarar da yawancinsu ba, a gidan yari ne. A 2002 Seena Fazel da John Danesh sun haɗa bincike 62 daga ƙasashe 12, wanda ya shafi fursunoni kusan 23,000, suka ga kashi 47 cikin 100 na maza da kashi 21 na mata suna da ita. A cikin sauran jama'a kuwa tsakanin mutum 1 zuwa 4 ne cikin 100, maza sun ninka mata wajen sau uku.

To yaya take farawa a yaro? A nan sai an yi hattara, domin ƙiriniya daban, kangara daban. Yaron da ya haura katanga ya tsinko mangwaron maƙwabci, ko ya gudu daga makarantar allo ya tafi wanka a rafi, ko ya harbi tsuntsu da danƙo, yaro ne kawai. Wanda ake jin tsoro shi ne wanda ke karya ƙafar akuya don ya ji kukanta, ya ɗaure kyanwa ya ƙona ta yana dariya, ya cinna wa rumbu ko danga wuta da gangan, ya tare ƙananan yara ya ƙwace abin hannunsu da makami, ya yi ƙarya ko da gaskiyar ta fi masa sauƙi, ya kwana a waje tun bai kai shekara 13 ba, kuma ana cikin haka wata da watanni. Masaniyar halayyar ɗan'adam Terrie Moffitt ta nuna a 1993 cewa masu irin wannan hali kashi biyu ne. Mafi yawa sai sun balaga suke farawa, zugar abokai ce ke jansu, da sun yi aure ko sun kama sana'a sai su natsu. Kaɗan ne ke farawa tun suna ƙanana, kafin shekara 10, kuma su ne abin ya fi bi har girma.

Tun kafin ita, Lee Robins ta bi sawun yara 524 da aka taɓa kaiwa wani asibitin kula da halayyar yara a birnin St. Louis, ta nemo su bayan shekara 30, ta wallafa sakamakon a 1966. Darasin da aka ɗauka daga ayyukanta yana da fuska biyu, kuma ina so iyaye su riƙe duka biyun. Kusan duk babban da ke da larurar ya nuna alamunta tun yana yaro. Amma mafi yawan yaran da suka nuna alamun ba su girma da ita ba. Ke nan tsakanin yaro mai kangara da babba mai ƙeƙasasshiyar zuciya akwai shekaru masu yawa da za a iya yin wani abu.

Idan aka tambayi mutanenmu dalili, amsoshin sanannu ne. Wani zai ce bakin uwa ne ya kama shi. Wata za ta ce kishiya ce ta yi masa sammu. Wani ya ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kakansa ma haka ya yi. Wannan na ƙarshen yana da ƙamshin gaskiya. Binciken da aka yi a kan tagwaye da kuma yaran da aka ba riƙo tun suna jarirai ya nuna gado na ɗaukar kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane a wannan hali. Amma abin da ake gada ba sata ba ne, ba kisa ba ne. Ana gadon ƙarancin tsoro, da saurin hasala, da son abin da ke tayar da jini. Yaro mai ƙarancin tsoro na iya tashi ya zama sojan da ake alfahari da shi ko mai ceton mutane a kogi. Abin da ya tarar a duniya ne ke zaɓa masa hanya.

Babu inda aka ga haka ƙarara kamar a garin Dunedin na ƙasar New Zealand, inda masana ke bin rayuwar mutum 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973. A 2002 Avshalom Caspi da abokan aikinsa suka duba wata ƙwayar halitta mai suna MAOA a jikin mazan cikinsu. Masu raunin wannan ƙwayar da suka tashi cikin kulawa ba su fi kowa faɗa ba. Amma waɗanda suka haɗa raunin da azabtarwa a yarinta, duk da cewa kashi 12 ne kacal cikin 100 na mazan, su ne ke da kashi 44 na hukuncin da kotu ta yanke kan laifukan cin zarafi. Duka mai tsanani, wulaƙanci, yaro ya tashi yana kallon ana jibgar mahaifiyarsa, ko a riƙa jefa shi daga wannan hannu zuwa wancan ba shi da wanda zai kira nasa, waɗannan su ne ke hura abin da gado ya ajiye.

Yunwa ma na da hannu, tun daga ciki. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a hunturun 1944 zuwa 1945, sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar Holan. Da aka duba bayanan samarin ƙasar lokacin da suka je gwajin shiga soja suna shekara 18, an ga waɗanda iyayensu mata suka sha matsananciyar yunwa a watanni shida na farkon cikinsu sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen kamuwa da wannan larura. An wallafa wannan a 1999.

Sai dalma. A bayan goshin mutum akwai sashen ƙwaƙwalwa da ke tsayar da shi in zuciya ta ɗebe shi, ya sa ya auna abin da zai biyo baya. Shi ne linzamin mutum, kuma shi ne sashen da ya fi daɗewa bai gama nuna ba, sai an haura shekara 20. Jikin yaro yana ɗaukar dalma a matsayin kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi da haɗa saƙonnin ƙwaƙwalwa, sai ya buɗe mata ƙofa. Abin da cikin yaro ke tsotsa ya ninka na babba sau huɗu zuwa biyar, in kuma yaron na fama da yunwa ko ƙarancin jini, abin ya fi haka. A 1996 likitan yara Herbert Needleman ya auna dalmar da ke cikin ƙashin yara maza 301 a birnin Pittsburgh, ya ga waɗanda tasu ta fi yawa su ne malamai da iyaye suka fi kuka da faɗansu da rashin jinsu. A Cincinnati an ɗauki mata masu ciki daga unguwannin talakawa tsakanin 1979 da 1984, aka riƙa auna jinin 'ya'yansu tun daga haihuwa. A 2008 sakamako ya fito a kan 250 daga cikinsu: gwargwadon yawan dalmar yarinta, gwargwadon yawan kamun da 'yan sanda suka yi musu bayan sun girma, musamman kan laifukan faɗa da rauni. Hoton ƙwaƙwalwarsu kuma ya nuna wannan sashe na bayan goshi ya ƙanƙance, abin ya fi tsanani a maza. Matsakaicin dalmar jinin yaran Cincinnati bai kai 15 ba. Na Dareta da 'Yargalma, kusan dukkansu sun kai 45, wasu sun haura 400.

Akwai wani abu mai ɗaci game da maganin da aka ba su. Yana rage dalmar jini, yana ceton rai, amma ba ya gyara ɓarnar da ta riga ta auku a ƙwaƙwalwa. Dalmar kuma tana laɓewa a cikin ƙashi shekaru da dama. Idan yarinya ta girma ta ɗauki ciki, jikinta na ciro kalsiyam daga ƙashinta don gina na jariri, sai dalmar ta biyo, ta ratsa mahaifa. 'Yan matan 2010 su ne masu jego a waɗannan ƙauyuka yanzu.

A nan dole in ja hankalin mai karatu da babbar murya, domin na san yadda magana ke yawo a ƙasarmu. Kada wani ya rufe wannan littafi ya ce yaran Bagega ko na Abare miyagu ne, ko ya hana ɗansu aure. Wannan zalunci ne a kan zalunci. Dalma na ƙara haɗari ne, ba ta yanke hukunci. A Dunedin ɗin nan, inda dalmar man fetur ta shiga jinin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka bai ɗaya, alaƙar da aka gani tsakaninta da aikata laifi mai rauni ce ƙwarai. Abin da ya fi bayyana a yaron da ya sha dalma shi ne wahalar karatu, mantuwa, rashin natsuwa, ciwon ƙoda da hawan jini daga baya. Mafi yawansu za su rayu mutanen kirki masu fama da wani nauyi da ba su suka ɗora wa kansu ba. Dalma na yin mummunan tasiri a hali ne idan ta tarar da sauran abubuwan, wato yunwa, duka, rashin makaranta, da tashin hankali.

Abin da ke hana ni barci shi ne a yammacin Zamfara ta tarar da su duka. Yaran da suka tsira daga guba sun buɗe ido a cikin rikicin 'yan bindiga. A watan Satumban 2021 an rufe makarantun jihar, an katse layukan waya. A farkon Janairun 2022 an kai hari kan jerin ƙauyuka a Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai 200. Garin Anka ya cika da 'yan gudun hijira. Asibitin Gummi na karɓar yara masu tamowa kowace damina, saboda manomi ba ya iya zuwa gonarsa sai ya biya haraji ga mai bindiga. Ga tiramol da wiwi da sholisho sun shiga har ƙauyen da mota ba ta zuwa. Duk abin da masana suka lissafa ɗaya bayan ɗaya a ƙasashe daban daban, a nan ya sauka a kan yaro guda.

Wani zai yi saurin cewa, ashe ita ce larurar da ke damun ɓarayin daji. Ban yarda da wannan ba, kuma littafin likitocin kansa ya yi gargaɗin kada a liƙa wa mutum larurar alhali halin da ya tsinci kansa ne ya tilasta masa wannan rayuwa. Rikicin Zamfara yana da tushensa sananne: cinye burtali da makiyaya, satar shanu, zaluncin wasu alƙalai da masu sarauta, kisan gilla tsakanin 'yan sa-kai da Fulani, kwararar makamai, da kuɗin zinare. Yaron da aka ƙone rugarsu, ko aka sace shi aka ɗora masa bindiga yana shekara 12, ba lallai ne zuciyarsa ta mutu ba, da yawansu na riƙe amanar 'yan'uwansu, suna tausayin iyayensu. Mai larurar kangarewar hali kuwa ba shi da nasa, abokin tafiyarsa ma zai sayar. Gaskiyar da za a iya faɗa ita ce daji wuri ne da irin wannan mutum ke saurin ɗaukaka, domin abin da ke sa jama'a su guje shi a gari shi ne ke ba shi girma a can. Kuma kada mu manta da masu ita da ke sanye da babbar riga, a ofis da kasuwa da wajen kwangila, waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba amma sun talauta marayu ba tare da sun rasa barcin dare ɗaya ba.

Abin da muka saba yi wa yaro mai kangara shi ne duka, in ya gagara a kai shi gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sasari a ƙafa da tabon bulala a baya, a watan da ya biyo baya aka buɗe wani a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ce ta sa su ba, rasa yadda za su yi ne. Sai dai yaron da ke kan hanyar wannan larura shi ne wanda duka ya fi kasa gyarawa, tunda tsoron nasa kaɗan ne. Abin da yake koya daga bulala shi ne mai ƙarfi ke da gaskiya. Abin da masana suka ga ya fi kama shi shi ne doka kaɗan wadda ba ta canzawa, hukunci mara zafi amma tabbatacce, yabo da lada nan take in ya yi daidai, da babba guda ɗaya, kawu ko gwaggo ko malami, wanda ba zai gaji da shi ba.

Kuma gwargwadon wurin da aka fara, gwargwadon nasara. A birnin Kingston na Jamaika, a 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki ƙananan yaran da yunwa ta tsumburar. Ma'aikaciyar lafiya na zuwa gidan wasunsu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa hira, ta yaba masa, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Da suka kai shekara 22, waɗanda aka yi wa wannan ziyara sun fi sauran ƙarancin shiga faɗa mai tsanani, abin da suke samu kuma ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Babu wani abu a cikin wannan shiri da ya fi ƙarfin ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi a Bukkuyum.

Ga babba kuwa, babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da larurar. Ana maganin abin da ke rakiyarta, kamar shaye-shaye da ciwon damuwa, kuma faɗa da karya doka kan lafa bayan shekara 40, ko da yake taurin zuciyar kan daɗe. Amma ko manyan ba a fid da rai gaba ɗaya. A Monrobiya ta Laberiya an tara samari 999, 'yan daba da masu sayar da ƙwaya da tsofaffin mayaƙa, aka ba wasunsu horo na mako takwas kan danne fushi da tsara gobe, tare da jarin dala 200. Bayan shekara 10, waɗanda suka samu duka biyun sata da sayar da ƙwayarsu ta ragu da kusan rabi idan aka gwada da waɗanda ba su samu komai ba.

Wanda ke zaune da mai wannan larura yana da haƙƙin kare kansa. Matar da mijinta ke dukanta, yana sayar da kayan ɗakinta, yana rantsuwa yana komawa, ba "yi haƙuri, 'yar nan" kaɗai take buƙata daga iyayenta ba. Kada a ba shi riƙon dukiyar marayu, kada a bar shi da ƙananan yara, kada dangi su riƙa biyan abin da ya ɓarnatar a ɓoye don gudun abin kunya, domin hakan na ƙara masa ƙarfin gwiwa ne. Waliyyin da ke binciken mai neman 'yarsa kuma kada ya tsaya kan asali da sana'a. Ya tambayi waɗanda suka yi yarinta da shi, da waɗanda suka taɓa haɗa kuɗi da shi, da dangin matar da ya saki.

A 2022 MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga gwamnatin Zamfara. A Disamban 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sanya wa jihar tun Afrilun 2019. Dutsen dai shi ne, dalmarsa na nan. Yaran da aka yi wa magani an rubuta sunayensu da ƙauyukansu da adadin dalmar jininsu. Ma'aikatar lafiya ta jiha, da masarautun Anka da Bukkuyum da Gummi, da masanan Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau, su nemo waɗannan samari da 'yan mata, a duba karatunsu da lafiyarsu, a koya musu sana'a, a auna jinin masu cikin da ke cikinsu. Ku kuma iyaye, kada a sake shigo da dutse ko kayan aikin haƙa cikin gida. Idan kuna da yaron da bai kai shekara 10 ba yana azabtar da dabbobi, yana cinna wuta, duka ba ya sa shi ko gezau, ku kai shi asibiti kafin ku kai shi gidan mari, ku gaya wa likita in an taɓa daka dutsen zinare a gidan, ku nemi a auna jininsa.